Kafin ka tahi ganin tekun wasu, ka taɓa hawa dutsin garinku?



Ɗari ya kama. Hatsi ya shiga rumbu, masu albasa sun duƙufa cikin fadama, hazo na kwana bisa duwatsu har hantsi, lakwal na shirin ba yara konjen ƙarshen shekara. Akwai kuma wani abu da ya zama ɗan rakiyar ɗari a ƴan shekarun nan: hotunan bakans. Ka buɗe Facebook ko WhatsApp, sai ka ga ɗan garinku tsaye bakin ruwa shuɗi, da baƙin gilashi, da kwakwa a hannu. Wani Zanzibar, wani Gore ta Senegal, wani bakin teku a Lome ko Abijan. Hoton bai dame ni ba, kowa da aljihunsa. Abin da ke rubuce ƙarƙashin hoton shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. "An huta da ƙurar ƙauye." "Nan ne duniya." "Can gida mi ke akwai in ba dutsi da iska ba?" Sai ƴan uwa su bi layi suna tafi, wasu har da cewa Allah ya fisshe mu mu ma.

To ni na ce wagga magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai tsada. Mutumin da ya tashi tsakanin Galma, Madawa, Buza da Keita, ya ce babu abin gani a ƙasarsu, ya shaidi kansa ne cewa bai taɓa duba ta ba.

Bari in share hanya tukuna, don na san masu sharhi na nan da gatari. Ban ce kada a yi tahiya ba. Wa zai koya wa Ba'adare tahiya? Mu ne mutanen da ake iskewa a kasuwannin Abijan, da Legas, da Kamaru, da Libiya. Gidaje nawa ne a garuruwanmu aka gina da kuɗin ci-rani? Tahiya mabuɗin ilimi ce, kakanninmu suka faɗa, kuma ba su yi ƙarya ba. Wanda Allah ya hore wa, ya biya haƙƙin iyalinsa, ya ga yana son ya kai matarsa ta ga teku, Allah ya kai su lahiya ya maido su lahiya. Da mutum biyu nake rigima: mai cin bashi don ya yi hoto, da mai yin hoto don ya zagi gida.

Mu yi lissafi. Daga Madawa zuwa Yamai kimanin kilomita 500 ne. Daga Yamai babu jirgin da zai sauke ka Zanzibar kai tsaye, sai ka sauya jirgi a hanya, galibi a Adis Ababa. Ga tikiti, ga biza, ga otel, ga abinci da kuɗin baƙi. Tun watan Oktoba 2024 ma hukumomin Zanzibar sun ɗora wa kowane baƙo inshora ta dole, dalar Amurka 44, kuma ku lura, dalar Amurka na ce, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Ma'aikacin da ke jiran albashi ran 30 ga wata, in ya yi wagga tahiya, mun san inda kuɗin suka fito: ko banki, ko adashin uwargida, ko an saida sa. Ya dawo da hoto talatin da bashin wata goma. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuma ka tambaye shi mi ya gano. Zanzibar gari ne na Musulmi mai tarihi, tsohon birninsa na cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2000, akwai wurin da aka yi kasuwar bayi, akwai gonakin kanumfarin da muke saye a kasuwar Madawa. Gore na cikin wannan jerin tun 1978, saboda tarihin cinikin bayi. Mutuminmu bai ga ko ɗaya ba. Ruwa ya gani, da kansa cikin salula. Wanda bai iya duban garinsu ba, ko ina ka kai shi ba zai iya dubawa ba.

Yanzu mu dawo gida, in gaya muku abin da ke cikin "dutsi da iska".

Na farko, tekun da ake biyan miliyan don a gani. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa shekaru miliyoyi da suka wuce, wani hannun teku ya ratsa ta wannan yanki namu. Shaidar tana nan kwance a gefen duwatsun Adar: farin dutsi mai ɗauke da ɓawon dodon koɗi da sauran halittun ruwa da suka daskare suka zama dutsi. Yaran da ke kiwon awaki wajen Keita da Buza na tsintarsu suna wasa da su. Wannan farin dutsi shi ne masana'antar siminti ta Malbaza ke ci tun shekarun 1960. Ke nan gidan simintin da kake zaune ciki, da ragowar teku aka gina shi. Mushenmu na kimiyya a kwaleji na zana wa yara wannan a allo da Faransanci, yaran na haddacewa don jarabawa, alhali abin na nan tahiyar awa ɗaya da ƙafa daga ajin. Wa ya taɓa kai su?

Na biyu, tarihi. Sunan Galma na cikin littattafan tarihin Nijar. A 1901 Abzinawan Kel Gres suka gwabza da sojojin Faransa a Zangebe da kuma Galma. Kel Gres ɗin nan su ne masu ayarin raƙuma da ke kawo gishiri daga arewa su sauke a kasuwannin Hausa har Sakkwato. Ku tara samari ashirin a fada guda, masu shan shayi har tsakar dare suna gardamar Real da Barsa, ku tambaye su ta wane gefen gari aka yi wannan yaƙi, ko ta ina hanyar ayari ta bi. In kun samu biyu da suka sani, na biya sukari. Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Duk tsohon da muka kai makwanci ba mu tambaye shi ba, mun binne shi da abin da ya sani.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai: aikin iyayenmu mata. Bayan farin 1984, aka buɗe furojen Keita, da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, PAM na ba da abinci a madadin aiki. Maza da yawa sun tahi ci-rani a lokacin. Mata ne suka fi yawa a wurin aikin. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su bisa fako, suka haƙa ramuka a gangaren dutsi, aka dasa itatuwa miliyoyi, aka yi baraji da madatsai cikin ƙoramu. Ƙasar da ta zama kamar tafin hannu ta koma fitar da ciyawa da hatsi. Kafin wannan, tun 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji sun fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, layi biyu-biyu, don su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Masana daga ƙasashe da dama sun zo sun gani, sun rubuta, ana koyar da shi a manyan makarantun duniya. Baƙo ya biya jirgi daga Turai ya zo ganin aikin uwarka, kai kuma ka biya jirgi don ka tsere wa ganinsa, har kana kiransa ƙura.

Ga inda tsadar take. Abin da ba a zuwa dubawa, lalacewa yake yi ba a sani ba. Duk mai bin waɗannan wurare ya san halin da ake ciki: akwai layukan duwatsun da ruwa ya fasa ba a gyara ba, akwai inda aka kwashe duwatsun a amalanke aka kai gari aka saida wa magina, akwai itatuwan da gatari ya cinye, akwai barajin da yashi ya cike cikinsu, irin na Ibohaman da manomansa suka daɗe suna kuka. In fako ya sake tsirancewa, ruwan sama ba ya tsayawa, gangarowa yake da ƙarfi, ya yanka ƙorama, ya kwaso yashi ya zuba cikin fadama. Fadamar nan ita ce albasar da ta sa aka san sunan Galmi har Abijan da Akara. Ita ce rijiyoyin lambu na kwarin Tarka. Duk mai lambu a ƙasa, rayuwarsa na rataye da abin da ke faruwa bisa dutsi, ko ya sani ko bai sani ba. Su wa ya kamata su riƙa hawa suna gani, su rubuta, su ɗauki hoto, su kai maganar gaban hukumomin kwamin? Masu ilimin boko, masu salula mai kyau, masu albashi. Su ne kuwa suka juya wa dutsin baya.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita a waya lokacin shiri. Wani ya ce: "Malam, yawon dutsi aikin Nasara ne, wanda ya ƙoshi. Mu kullum a ƙafa muke." Gaskiya ne, akwai masu tahiyar dole. Matar da ke fita da asuba neman itace, yaron da ke bin awaki, tsohon da ke zuwa kasuwa bisa jaki, babu mai cewa su ƙara da yawon shaƙatawa. Amma mai faɗin wagga magana, shi kullum a ƙafa yake? Mafi yawan masu faɗinta, ko masallacin unguwa da moto suke zuwa. Daga gida zuwa biro kabu-kabu, daga biro zuwa fada kabu-kabu, a zauna bisa tabarma awa huɗu ana zuba sukari. Ku tambayi ma'aikatan likita irin yadda hawan jini da ciwon sukari ke ƙaruwa a tsakanin mazauna gari. Likita ya ce ka riƙa tahiya da ƙafa, ka ce kunya kake ji kada a ce motonka ya lalace. Ana fakewa da wahalar talaka don a kare lalacin mai hali.

Wani kuma ya ce: "Ba ka tsoron ƴan bindiga?" Wagga tambaya ce ta hankali, kuma ba zan yi wasa da ita ba. Kowa ya san abin da ke faruwa a garuruwan bakin iyaka da Najeriya, da kuma can arewacin jihar Tawa. Ban ce kowa ya ɗauki jaka ya shiga dajin da bai sani ba, ban ce a kwana a waje ba. Dutsin da ake hange daga ƙofar gidanku nake magana, wanda ƙannenka ke kiwo bisa kansa kullum. A tahi cikin jama'a, da rana, da sanin mai gari, a bi shawarar hukuma in ta ce wuri kaza a dakata. Inda babu lahiya a bari sai ta samu. Amma akwai wurare da yawa da lahiyarsu lau, kuma barin su babu mai takawa sai makiyayi shi kaɗai ba ya ƙara wa kowa tsaro.

Na ukunsu ya ce: "Mi za a gani cikin hazo?" To ai yanzu ne lokacin. Da bazara rana ba ta bari ka yi taki ɗari. Da damina kowa na gona, ƙoramu na ɗauke da ruwa, hanya ta yanke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne kaɗai mutum zai fita bayan sallar asuba, ya hau dutsi bai jiƙe da zufa ba, ya dawo kafin azahar. Lokacin ne gawo ke da ganye shar alhali sauran itatuwa na zubarwa. Lokacin ne magarya ke nuna, yara na cika aljihu, mata na yin akuri. In ka kai bisa fako iska ta ɗan kwanta, ka duba ƙasa, za ka ga lambunan albasa kore kamar an shimfiɗa darduma tsakanin jajayen duwatsu, ga rumbunan ƙasa jere a bakin gari, ga hayaƙin ɗumame na tashi. Tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai ma wannan lokacin suke sauka tabkunanmu, irin na Tabalak. Tsuntsu ya ƙetaro teku da hamada ya zo bakans wurinmu, bai nemi biza ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu faɗa wa juna. Shekarun baya, Turawa na zuwa Nijar yawon buɗe ido, su wuce ta Tawa su nufi Agadas da Ayar. Rashin tsaro ya tsayar da wannan. Tun lokacin muke zaune muna cewa yawon buɗe ido ya mutu, kamar dai ido na Bature ne kaɗai. Ɗan Maraɗi bai san Keita ba. Ɗan Madawa bai san Garhanga ba. Ɗan Galma ya san unguwannin Abijan da sunayensu, bai taɓa taka Tamaske ba sai in mota ta ratsa da shi. A 2017 aka yi bikin 18 ga Disamba a Tawa, aka gyara birni, aka yi wasa, aka watse. Mi ya rage wa ƙauyukan da ke bayan duwatsu? In muna jiran baƙo ya zo ya ce wurinmu na da kyau kafin mu yarda, za mu daɗe muna jira.

Su ma hukumomin kwamin ba zan ƙyale su ba. Kowace shekara ran 3 ga Agusta ana dashen itace, a yi jawabi, a ɗauki hoto da butar ban-ruwa. Wa ke komawa cikin Disamba ya ƙirga nawa suka rayu? Fitar da hanyoyi biyu ko uku na tahiyar ƙafa a kowace kwamin, a sa musu alama da farar ƙasa, a rubuta sunan wurare a allo da Hausa da Tamajak, a zaɓi samari biyu da tsoho ɗaya su zama ƴan jagora, wannan ba ya bukatar furoje daga waje. Kuɗin man mota na taro guda ya isa. Abin da babu shi ne wanda zai tashi ya ce a yi.

Tunda suka ba ta gina gari, ga abin da nake kira gare shi a wannan konje, kuma kowa na iyawa.

Kowace fada ta zaɓi safiya guda. Ku gaya wa mai gari tun jajibiri. Ku nemi tsoho ko tsohuwar da ta san wurin, musamman cikin iyayenmu da suka yi aikin jera duwatsu, ku roƙe ta ta raka ku ko da zuwa gindin dutsin ne, kuma ku ba ta goro mai kauri, don iliminta ba na banza ba ne. Ku ɗauki ruwa isasshe, da takalmi mai rufi saboda ƙaya da tsakuwa, da rawani ko ƙyalle saboda ƙura. Mai asma ko ciwon ƙirji ya jira ranar da hazo ya yi sauƙi. Kada a ratsa lambun mutane, kada a karya reshe, kada a kunna wuta bisa fako don ciyawa ta bushe, kada a bar leda. Ku tahi da ƙannenku, mata da maza. Malaman kwaleji da lise, ku haɗa kai da iyayen yara ku fitar da aji guda, darasin ƙasa da na tarihi su sauka daga allo.

In kun je, ku yi abu uku da salularku. Ku ɗauki muryar tsohon yana faɗin sunan kowane dutsi da kowace ƙorama da dalilin sunan. Ku ɗauki hoton duk inda kuka ga madatsa ta fashe ko ana sarar itace ba bisa ƙa'ida ba. Sannan ku ɗauki naku hoton, ku sa gilashin ma in kuna so, ku yi tsayuwar da kuke yi a bakin teku. Ku turo mana nan shafin da sunan gari da ranar. Muryoyin za mu sa su a shiri, hotunan ɓarna kuma za mu tattara mu miƙa wa meri da ma'aikatan gandun daji, mu ga wanda zai ce bai sani ba.

Ƴan uwa na ci-rani da za su zo gida cikin ɗarin nan, ku ma da ku nake. Ɗiyanku da aka haifa a Abijan ko Legas, kada ziyararsu ta ƙare a zaure da gaisuwar dangi. Ku hau da su dutsi, ku nuna musu gonar kakansu daga sama. Yaron da aka nuna wa wuri da yatsa aka ce nan ne naku, ba ya mantawa. Wanda kuwa ya girma yana jin ubansa na kiran garinsu ƙura, ranar da za a raba gado, saida gonar zai yi ta waya.

Mai son zuwa tsibiri bayan wannan, ya tahi da albarka. In ya zauna da mutanen can suka tambaye shi labarin ƙasarsu, zai samu abin faɗi da ya wuce "zafi da ƙura". Kuma in zai rubuta wani abu ƙarƙashin hotonsa, ya tuna cewa uwar da ta ɗauki dutsi a ka don ƙasar nan ta rayu, wani jikanta zai karanta mata.

Wanda ke ganin na yi kuskure, filin sharhi na nan buɗe, kuma layin waya na buɗe ranar shiri. Sharaɗina ɗaya ne: kafin ka ba ni amsa, faɗa mini sunan dutsin da ke gabas da garinku, da ranar ƙarshe da ka hau shi.

Allah ya ba mu lahiya da zama lahiya, ya sa mu ga ƙarshen ɗarin nan da alheri.